Yadda ake zaɓen wurin kafa injin ɗaga mota a garejin gida

Kada ka sayi injin tukuna. Ɗauki mita da alli ka shiga garejin, domin waɗanda na ga sun yi asara a nan Yamai duk kuɗi suka fara biya, sai da kaya ya iso suka tarar rufin bai kai ba, ko daɓen ba zai ɗauka ba. Ina magana ne kan mai ƙafa biyu, wanda kanikawa ke ce wa pon. Shi nake ba kowa shawara, don yana barin tayoyi a sake, ka yi aikin birki ba tare da jak ba.

Fara da sama. Injin yana ɗaga mota kusan mita 1.8, Hilux ita ma tsayinta kusan mita 1.8 ne, Land Cruiser ta ɗan fi. In rufinka bai kai mita 3.7 ba, a duƙe za ka yi aiki. Auna daga daɓe zuwa abin da ya fi saukowa, wato ƙarfen da ke riƙe da kwano ko fanka, ba kwanon kansa ba.

Sai daɓe, kuma a nan na ci wuya. Garejina yana da siminti mai sheƙi, na ɗauka ai shi ke nan. Muka huda, muka ɗaure ƙafafun, aka ɗaga mota sau uku lafiya. A na huɗu na ga garin siminti yana fitowa gindin ƙafar hagu, wani siririn tsagu ya miƙe daga noti zuwa bango. Da muka fasa, kaurin bai wuce santimita 7 ba, ƙarƙashinsa rairayi ne zalla. Nauyin mota yana janyo ƙafafun nan zuwa ciki, notocin baya kuma suna neman tumɓukewa, babu abin da ke riƙe su sai kankaren da suka shiga.

Saboda haka huda ramin gwaji daidai inda kowace ƙafa za ta tsaya, ka zura waya mai lanƙwasa ka ji inda kankare ya ƙare. Littafin injin zai faɗa maka kaurin da yake so. Ni dai ƙasa da santimita 20 ba na yarda, da rodi a ciki. In bai kai ba, fasa wurin, a daddanne ƙasa da jar ƙasa, a zuba sabo wanda ya haɗe ƙafafun biyu a jiki ɗaya. Tsaya kan magini lokacin kwaɓi, don wani zai ƙara ruwa saboda sauƙin zubawa, ruwa kuwa ƙarfin kankare yake ci. A zafin Afrilu da Mayu rufe shi da buhuna kana jiƙawa safe da yamma, kuma kada a huda sai ya cika kwana 28. Rodi da tsakuwa za ka samu a kasuwar Katako, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin mota ɗaya da ta faɗo ba. Kada noti ya kusanci bakin daɓe ko tsohon tsagu, ba shi aƙalla santimita 20.

Yanzu shigo da motar da ta fi tsawo cikin waɗanda za ka riƙa ɗagawa. Hilux mai ƙofa huɗu ta kai mita 5.3. Tsayar da ita yadda za ka wuce gabanta da akwatin kayan aiki, ƙofar gareji kuma ta rufu a bayanta. Ƙafafun ba tsakiyar ɗaki suke bi ba, tsakiyar nauyin mota suke bi, wanda a mota mai inji a gaba yakan faɗo wajen kujerar direba. Zana su da alli a nan, ka buɗe ƙofar direba ka fito ka ji ko za ta bugi ƙarfe. Faɗin injin kusan mita 3.4 ne, ka bar hanyar mutum tsakanin kowace ƙafa da bango.

Ƙafar da ke ɗauke da famfon mai ta kasance gefen da wuta take. Duba ko injin na volt 220 ne ko 380, don na 380 sai ka nemi layi uku daga kamfanin wutar lantarki na NIGELEC. Ja masa wayarsa shi kaɗai. In ruwan damina yana shigo maka, ɗaga bakin ƙofa tun lokacin zubin kankare.