Gyara Yanayin Tasha Kafin Ka Kira Umarnin Shell

Matasanmu masu koyon Python a Yaba da Agege sukan yi kukan abu ɗaya: sun kira umarni ta subprocess, tasha (wato terminal) ta rikice. Ana bugawa, harafi ba ya fitowa.

Dalilin shi ne, shirinka da ke karɓar harufa ɗaya-ɗaya yana kashe saitunan tasha ICANON (jiran cikakken layi) da ECHO (nuna abin da aka buga), wani lokaci har ISIG (sa Ctrl-C ya tsayar da shiri) da ICRNL (mayar da lambar Enter zuwa ta sabon layi). Umarnin da ka kira haka zai tarar da tashar. Enter ya aika lamba 13 maimakon 10, Ctrl-C kuma ya zama lamba 3 kawai, ba ya tsayar da komai.

Tun farko ka adana saitin asali da termios.tcgetattr, amma sai os.isatty ya tabbatar tasha ce, don bututu (pipe) kuskure zai bayar. Kafin umarnin, mayar da saitin da tcsetattr da TCSADRAIN, domin rubutun da ke hanya ya gama fita. Bayan umarnin, maido da yanayin shirinka a cikin finally. Kada ka tsallake wannan, domin shiri kamar vim da aka kashe da ƙarfi ta kill -9 ba ya gyara bayansa.

In ta riga ta lalace, danna Ctrl-J, rubuta stty sane, sake danna Ctrl-J.