Yadda ake lissafin wa'adin bashin banki a Legas kafin ka amsa wasiƙarsu

Wasiƙa ta iso shagonka a Agege ko Mile 12: banki na neman kuɗin da ƙanenka ya ranta shekarun baya, kai ka tsaya masa. Kada ka ruga banki tukuna.

Fara da lalubo takardar da ka sa wa hannu, ka duba ƙarshenta. A dokar wa'adin shigar da ƙara ta Jihar Legas, yarjejeniya ta yau da kullum shekara 6 gare ta. In kuwa takarda ce mai hatimi, irin wadda ake sa hannu gaban shaida kamar ta jinginar gida, shekara 12 ce. Bankuna sun san wannan sarai, shi ya sa suka fi son mai tsayawa ya sa hannu a mai hatimi.

Sai ka gano ranar da lissafi ya fara, kuma a nan mutanenmu suke tuntuɓe. Ba ranar karɓar kuɗi ba ce, ranar da banki ya sami damar kai ƙara ce. In takardar ta ce za ka biya idan an nema, to daga ranar wasiƙar neman biya ake ƙirgawa. Ma'ana, bashi na iya kwanciya shekara goma, amma naka wa'adin jiya ya soma. Karanta wannan layin sau biyu, Alhaji.

Na uku, tuna ko ka taɓa biyan wani abu, ko ka rubuta musu da sa hannunka cewa ka yarda da bashin. Ko naira dubu 5 ka saka don a daina damunka da waya, lissafi na iya komawa farko. Haka ma wasiƙar "a yi mini haƙuri zuwa bayan Sallah".

Duba kuma wa ke nemanka. In bashin ya koma hannun AMCON, hukumar gwamnatin tarayya da ke sayen basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, gyaran dokarta na 2019 ya cire mata wannan wa'adi.

Daga nan ka kwashi takardun ka kai wa lauya. Shi zai rubuta batun wa'adin a takardar kariyarka, kada ka jira alƙali ya tuna maka. Ko wa'adin ya wuce, ƙofar kotu kawai doka ta rufe, bashin yana nan. Maganar sauke nauyi kuma, wannan ka tambayi malaminka.