Yadda ake zagaya tsohon asibitin Sarki Kalawun a Alkahira

In Allah ya kai ka Masar, ko karatu a Azhar ko rakiyar mara lafiya, don Allah ka ware safiya ɗaya ka je titin Mu'izz ka ga asibitin da Sarki Mansur Kalawun ya gina tsakanin 1284 da 1285. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu suna shiga, su ɗau hoto a hubbaren sarkin su fice, ba su ma san asibiti ne a bayan ba.

Da farko ka yi sammako, kafin rana ta take kuma kafin 'yan yawon buɗe ido su cika titin. Daga masallacin Azhar tafiyar ƙafa ce, ka ratsa kasuwar Khan Khalili ka tambayi Bainal Kasraini, wato sashen titin Mu'izz da ginin yake, kowa ya sani. Ka sayi tikiti, ka sa takalmin da ba wuyar cirewa.

Kar ka yi saurin shiga. Tsallaka ɗaya gefen titin tukuna ka kalli fuskar ginin, dogayen bakuna masu tsini da tagogi bibbiyu a cikinsu, kamar na cocin Turawan da suka yi yaƙin Salibiyya a Sham, ga kuma rubutun Larabci ya bi bangon tun daga wannan ƙarshen har wancan. Hasumiyar nan girgizar ƙasa ta 1303 ta taɓa ta, ɗan Kalawun, Sarki Nasir Muhammad, ne ya gyara.

Daga nan sai ka shiga dogon zauren, makaranta na hagunka, hubbare na dama. Shiga hubbaren mana, ai ya cancanta, ginshiƙan dutse jajaye da adon marmara da hasken gilashi mai launi na sauka a ƙasa. Amma ka sani ƙubbar da ke kanka ba ta asali ba ce, a 1903 aka sake ta.

To yanzu abin da ya kawo ka. Zauren nan asibitin yake nufa, ka roƙi masu tsaron wurin su nuna maka Bimaristan, sunan da suke kiransa ke nan. Kufai za ka tarar, gaskiya, galibin ginin ya rushe kuma an gina asibitin ido a wani sashe na filin a farkon ƙarni na 20. Kar gwiwarka ta yi sanyi. Ka tsaya a tsakar gidan ka nemo ragowar manyan rumfunan da asalinsu huɗu ne masu fuskantar juna, sai ka duƙa ka duba allon marmara da a da ruwa ke gangarowa a kai da 'yar hanyar da yake bi zuwa tsakiya, ka tuna zafin Alkahira, ka tuna mai zazzaɓi kwance yana jin ƙarar ruwan nan iska na ratsa shi, wallahi wanda ya taɓa jinya a ɗakin da ba taga shi zai fi gane darajar wannan tsari. Masu ciwon ido da ɓangarensu, masu zazzaɓi da nasu, mata daban maza daban, masu taɓin hankali ma an yi musu ɗakuna.

Kuma a wancan zamanin duk wakafi ne, talaka da mai kuɗi ba a karɓar ko sisi. Ana cewa sarkin ya taɓa kwanciya ciwon ciki aka yi masa magani daga asibitin Sarki Nuruddin na Dimashƙa, shi ne ya yi alwashin gina irinsa. Babban likita Ibn Nafis da ya rasu a 1288 asibitin Kalawun ɗin ya bar wa gidansa da littattafansa.

Abu na ƙarshe, kar ka jingina da marmaran ko ka shafa adon bango, hannu na cinye shi a hankali, tsohuwar Alkahira tana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979. In da yara ka zo ka riƙe hannunsu a wajen magudanar ruwan.