Yadda ake zuwa kallon hotaru-ika a gaɓar Toyama

Galibin halittun da ke fitar da haske daga jikinsu suna zaune ne a can ƙasan teku, inda sai da jirgin nutso ake kai musu, amma akwai wata da ke tasowa da kanta kowace shekara har a gan ta da ido. Mutanen Japan suna kiran ta hotaru-ika. Ƙarama ce mai taushin jiki da hannaye da yawa, irin wadda ake kira squid da Turanci, tsawonta kusan santimita 7, kuma da rana tana zama a zurfin mita 200 zuwa 400.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Matan wannan halitta suna zuwa gaɓar Toyama da ke ƙasar Japan domin zuba ƙwai daga watan Maris zuwa Mayu, don haka a tsara tafiya cikin waɗannan watanni, a kuma daidaita ta da duhun wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa, saboda farin wata yana dusashe hasken.

Daga Tokyo jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum birnin Toyama cikin kusan awa biyu, sannan a ƙarasa garin Namerikawa. Daga nan jiragen ruwan masu kallo suke bin masunta tun kafin asuba, kuma sai an kama wuri tun da wuri. A ware kwana biyu ko uku, domin idan teku ta yi haushi ana fasa fita. A sa tufafi masu kauri, sanyin wurin ba na wasa ba ne.

Idan aka fara jawo raga, a kashe tocila, a mayar da waya aljihu, a bar ido ya saba da duhu. Abin lura shi ne ƙarshen hannayen halittar, inda wasu ɗigo ke walƙa shuɗin haske mai ƙarfi da zarar an taɓa ta, alhali ɗaruruwan ƙananan ɗigon da ke jikinta haskensu a raunane yake, domin aikinsu shi ne ɓatar da inuwarta ga maharan da ke kallo daga ƙasa. A ganina, wanda ya shagala da ɗaukar hoto a jirgin da ke tangaɗi ya yi asarar kallo.

Za a ga ana sayar da ita a gidajen abinci. A ci dafaffiya, domin ɗanya da ba a daskarar ba tana iya ɗaukar tsutsar ciki.