Yadda za ka ci moriyar murshidinka tun kafin inzari ya sauko maka

Wannan magana da ƙannenmu nake, waɗanda suka gama ma'ahadin lugga, wato makarantar koyon Larabci, suka shiga kulliya, wato tsangayar karatun digiri, bana, ko a Jami'ar Musulunci ta Madina kake ko Ummul Ƙura a Makka ko ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, musamman 'yan ɓangaren shari'a da lugga da da'awa da tarihi da adabi. Akwai mutum ɗaya da jami'a ta ajiye maka kyauta, ana ce masa murshid akadimi, wato malamin da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan tafiyar karatunka, kuma wallahi da yawanmu har mu kai mustawa na huɗu, wato simista ta huɗu a tsarin karatu, ba mu taɓa taka ƙofar ofishinsa ba, sai ranar da aka turo saƙon inzari, wato gargaɗin jami'a, cewa mu'addal, wato matsakaicin makinka, ya faɗi sannan ka ga mutum yana ta tambaya a sakan, masaukin ɗalibai, wai ina ne ofishin irshadi, wato ofishin ba ɗalibai shawara.

Abu na farko ka nemo sunansa. Yawanci idan ka shiga shafinka na ɗalibi, inda kake duba jadawali da sakamako, za ka ga sunan murshidinka a ciki, in ba ka gani ba ka je wajen sakataren ƙisiminku, wato sashenku, ka tambaya. Malamai suna da awoyin zama a ofis na musamman don ɗalibai, sa'at maktabiyya, galibi a manne suke a jikin ƙofa, ka ɗauki hotonsu da waya. Ka tafi a makon farko ko na biyu, lokacin da ake hazaf da idafa, wato cire darasi da ƙara wani, domin da zarar an rufe wannan ƙofa ko shi murshidin hannunsa ya ɗauru a kan abubuwa da yawa.

Kada ka je hannu rabbana. Ka buga khuɗɗar ƙisiminku, takardar da ta jero darussan da za ka yi daga mustawa na ɗaya har na takwas, ka haɗa da sijillinka na sakamako, ka sa biro ka yi alama a kan abin da ka ci da abin da ya rage. Nan ne fa gizo ke saƙa ga mu 'yan adabi, saboda darussanmu kamar sarƙa suke, Nahawu 1 sai ka ci shi kafin a buɗe maka Nahawu 2, haka Fiƙihu, haka Balaga, shi ake kira mutaɗallab sabiƙ. Ni kaina a shekarata ta biyu na cire wani darasi mai awa biyu kacal don wani ɗan'uwa da ya riga ni zuwa ya ce mini ai mai sauƙi ne zan iya ɗaukarsa daga baya, da zuciya ɗaya ya faɗa, to ashe khuɗɗar da ya yi karatu da ita an canza ta kafin zuwanmu, darasin nan shi ne mabuɗin wasu guda biyu a gaba, sai da na ƙara simista guda cur. Da na kai wa murshidina takardar kafin in danna, minti biyar ya isa ya nuna mini. Yayyenmu na sakan suna da amfani sosai, su ne za su faɗa maka wane littafi za ka saya da yadda kowane shehi yake tambaya a jarrabawa, amma maganar khuɗɗa ka kai ta inda take.

Sannan ka fahimci lissafin mu'addal da kanka kafin ka zauna gabansa, don hirar ta yi ma'ana. A jami'o'in da ke lissafi a kan 5, maki 60 ne cin jarrabawa, daga 60 zuwa 64 maƙbul ne, wato mafi ƙarancin ci, kuma nauyinsa 2, faɗuwa nauyinta 1, daga 95 zuwa sama shi ne 5 cif. Inzari kuma yana zuwa ne idan mu'addal na jimla ya sauka ƙasa da 2. Kaga kenan wanda yake ta lallaɓawa da maƙbul yana cewa alhamdulillahi ai na wuce, a bakin rami yake tsaye. Ɗauki misali, a simistarka ta farko awa 15 ka yi rajista, 12 ka samu maƙbul, 3 ka faɗi, 24 a tara da 3 ya zama 27, raba da 15 ya ba ka 1.8, shikenan inzari ya hau. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi inzari uku a jere kora ce, sai dai in majalisar jami'a, bisa shawarar majalisar kulliya, ta ba ka wata dama. Wasu jami'o'in kamar Ummul Ƙura a kan 4 suke lissafi, sai ka tambayi murshid iyakar taku. Kuma kar ka manta mukafa'a, ɗan kuɗin watan nan da ake ba ɗalibai, riyal 850 ga 'yan ɓangarenmu, 1000 ga 'yan kimiyya, ita ma da mu'addal take rataye, kuma wanda ya wuce shekarun da aka ɗiba wa karatunsa ana yanke masa. Mun san gidaje nawa ne a Kano da Zinder da Kumasi suke jiran wani abu daga cikin kuɗin nan.

Wani abin da ke cin mu shi ne hirmani. A yawancin jami'o'i idan rashin zuwanka aji ya haura kashi 25 cikin ɗari an haramta maka jarrabawar ƙarshe ta wannan darasin, kuma a lissafi daidai yake da faɗuwa. Darasi mai awa biyu a mako, a simista mai mako 15, awa 30 kenan, ka rasa takwas ka fita. Mu kuma ga baƙi, kawu ya zo umara a azumi dole ka je ka tare shi ka kai shi ziyara ka yi masa tafinta a kasuwa, ga maƙocin babanka ya sauka a Makka ya kira waya, ga dawowa daga hutu a makare saboda jirgi ko biza. Ba wanda zai ce ka wulaƙanta baƙon gida, Allah ya kiyaye, amma ka riƙa ƙirga ranakun a takarda, da ka ga ka kai rabin abin da aka yarda ka je ka faɗa wa murshid halin da kake ciki. In rashin lafiya ce ka karɓi takardar asibiti a ranar, ka tambaye shi inda ake kai ta da kwana nawa aka ba da, don uzuri yana da wa'adi.

Yanzu maganar yadda za ka yi masa magana, wadda ita ce ta fi damuna. Tarbiyyarmu ta gida ta koya mana ka durƙusa ka gaida malami ka sunkuyar da kai, ya ce lafiya ka ce lafiya lau ko da wuta na cin bayanka. Wannan kunya tana da kyau a zaure, a ofishin murshid kuwa cutar da kai take yi, domin mutumin nan ɗalibai da yawa ne a wuyansa ga nasa azuzuwan, in ka ce komai lafiya zai sa hannu ya sallame ka. Ka yi sallama, ka ce ya Duktur, ka faɗi sunanka da lambarka ta jami'a, sai ka tafi kai tsaye: darasi kaza yana ba ni wuya, na samu kaza a jarrabawar tsakiya, in cire ko in ci gaba? Idan Larabcinka bai gama nuna ba, ko shi yana zuba ammiyya, Larabcin kasuwa, da sauri kai kuma fusha, Larabcin littafi, ka koya a ma'ahad, ka rubuta tambayoyinka a takarda tun daga ɗaki, kuma ba laifi ka roƙe shi ya maimaita a hankali. Ban taɓa ganin malamin da ya ji haushin wannan ba. Abin da ya faɗa ka rubuta a gabansa, in magana ce mai nauyi ka bi ta da saƙo ta imel ɗin jami'a don ya zama akwai shaida.

Akwai kuma lokacin da magana ta fi ƙarfin murshidinka na ƙisimi, nan ne manya suke shigowa. Kulliyoyi suna da sashen irshadi da wani babban malami ke jagoranta, sama da shi akwai wakilin kulliya mai kula da harkar karatu, sannan amid, wato shugaban kulliya. Su ne suka ga irin matsalarka sau ɗari, su suka san bambancin i'itizari, wato ka janye daga simistar da ka riga ka fara, da ta'ajili, wato ka ɗage ta tun ba a shiga ba, da abin da kowanne zai jawo wa mukafa'arka da ɗakinka da iƙamarka a matsayinka na ɗalibin minha, wato mai karatu da tallafin jami'a, wanda ba lallai ya zama daidai da na ɗan ƙasa ba. Rasuwa aka yi maka a gida kana son tafiya, ko inzari na biyu ya hau, ko kana son tahawili daga wannan kulliya zuwa waccan, toh ka nemi babban. Amma ka bi ta hannun murshidinka tukuna, ka ce ya Duktur ko za ka haɗa ni da shugaban sashen irshadi, kar ka tsallake shi ka faɗa ofishin amid, za a dawo da kai ƙasa ne kawai kuma ka ɓata kwanaki.

Dan Allah kar ka sayi tikiti ka tafi gida kan wata larura ba tare da an rubuta maka komai ba, wanda ya ɓace simista guda babu i'itizari babu ta'ajili ana ɗaukarsa munƙaɗi'i, ana iya rufe fayil ɗinsa, dawo da shi kuma aiki ne mai tsawo. Ranakun ƙarshe na duk waɗannan abubuwa suna cikin taƙwimin jami'a, wato kalandar karatu, da ofishin ƙabul da tasjil mai kula da ɗaukar ɗalibai da rajista ke fitarwa a farkon shekara, ka sauke shi a waya, ka duba ko da Hijiriyya aka rubuta ko da Miladiyya, sannan ka tuna Juma'a da Asabar ba aiki, in wa'adi ya faɗa ranar Lahadi to ka gama naka tun Alhamis kafin azahar.