Yadda ake zaɓar wa sabon mai sauraro kiɗan kilasika na Turai

Kuskuren da masoya kiɗan kilasika suka fi yi shi ne su ɗora wa sabon shiga abin da su kansu sai da suka shekara suna ji kafin ya shiga ransu. Wanda bai saba da kiɗan da babu waƙa a cikinsa ba, idan aka fara masa da Simfoni ta 9 ta Beethoven (simfoni dogon kiɗa ne mai ɓangarori da taron makaɗa ke yi tare), wadda ta haura awa guda, kafin a kai rabi hankalinsa ya koma kan wayarsa.

Abu na farko shi ne ka nemo abin da kunnensa ya riga ya sani ba tare da ya san sunansa ba. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san taken gasar Zakarun Turai, wanda aka gina shi a kan Zadok the Priest, kiɗan da Handel ya tsara a 1727 domin naɗin Sarki George na Biyu a Ingila. Haka kuma kukan tsohuwar wayar Nokia an gutsuro shi ne daga Gran Vals na Francisco Tárrega, makaɗin jita ɗan ƙasar Sifen. Ka kunna masa na asalin, ka yi shiru har ya gano da kansa.

Daga nan sai ka tambaye shi irin kiɗan da yake so. Idan ma'abocin ganga ne, ka ba shi Boléro na Maurice Ravel, na shekarar 1928, wanda a ganina babu kamarsa wajen kama sabon kunne. Tsawonsa kimanin minti 15 ne, ƙaramar ganga tana maimaita kiɗa iri ɗaya tun daga farko, kayan busa suna karɓar karin ɗaya bayan ɗaya, sauti kuma yana ƙaruwa a hankali har makaɗa duka su haɗu a ƙarshe. A karon farko ka ce ya bi gangar kawai, a karo na biyu kuma ya lura da wanda ya karɓi karin. Idan kuwa goge ne yake taɓa masa zuciya, ka ba shi ɓangaren ƙarshe na kiɗan lokacin zafi daga Lokuta Huɗu na Vivaldi, wanda aka wallafa a 1725, inda gogunan suke kwaikwayon hadari da tsawa cikin kimanin minti uku.

Kada ka tura masa goma a rana guda. Ka tura ɗaya, tare da bayani na jimla ɗaya ko biyu, sannan ka shawarce shi ya sa abin ji a kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye wuraren da kiɗan yake yin ƙasa ƙasa.

Bayan kwana biyu ka tambaye shi wurin da ya ji daɗi da wurin da ya gundure shi, ka zaɓi na gaba bisa amsarsa. Idan ya nemi ƙari, lokacin Beethoven ya yi: ɓangaren farko na Simfoni ta 5, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1808, minti bakwai da aka gina a kan sauti huɗu kacal. Ka biyo masa da African Suite na Fela Sowande, ɗan Najeriya, wanda ya tsara shi a 1944 da karin waƙoƙin Afirka ta Yamma.