Yadda Ake Dace da Launin Fenti Wajen Haɗa Ɗakin Tuƙin Jirgi na Kwaikwayo a Gida

Mai haɗa ɗakin tuƙin jirgin sama na kwaikwayo yakan kwashe watanni yana yankan katako da jera maɓallai, ƙarshe fenti ya ɓata masa rawa da tsalle. Ga yadda za ka kauce wa haka.

Da farko ka tsayar da jirgin da kake kwaikwaya, ka nemo lambar launin ɗakin tuƙinsa a tsarin RAL ko FS, wato tsare-tsaren da ke ba kowane launin fenti lambarsa. Masu haɗa Boeing 737 sun fi amfani da RAL 7011, ruwan toka mai duhu. Masu Airbus A320 kuwa sun rabu, wasu RAL 5014, wasu RAL 7031, duka masu shuɗi-shuɗi. Jiragen yaƙin Amurka irin su F-16 da A-10 suna da FS 36231. Kula da adadin da ya zo farko a lambar FS: 1 na nufin mai ƙyalli, 2 mai ɗan ƙyalli, 3 marar ƙyalli.

Kada ka yarda da hoto, ko da ya yi kyau. Kyamara na sauya launi, allon kwamfutarka ma yana ƙara nasa. Nemi katin launi na gaske ka riƙe a hannu. In Allah ya sa ka samu wani tsohon ɓangare na jirgin, kai shi wurin masu haɗa fenti su auna da na'ura, amma ka wanke shi tukuna, don datti da maiƙon hannu suna duhunta shi.

Sai gwaji, kuma nan ne aikin yake. Ɗauko guntun abin da ka yi allon maɓallan da shi, katakon MDF ne ko robar akirilik. Yi masa shafin farko da ake yi kafin fenti, domin MDF yana shan fenti, musamman ta gefen da aka yanka. Fesa siriri sau biyu ko uku, ka bar shi ya kwana. Ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. Washegari kada ka duba shi a rana. Shiga da shi inda za ka riƙa zama, rufe labule, kunna allunan kwamfuta da fitilun da za ka yi tuƙi da su. Tokar da ta dace a tsakar rana tana iya komawa kore-kore a ƙarƙashin fitilar LED. Ni dai na fi son marar ƙyalli, saboda mai sheƙi yana maido hasken allo cikin ido.

Allunan maɓallan da za a haska ta baya suna bukatar ƙarin shafi, don kada haske ya fito sai ta rubutun da za a zana a jikinsu. Kafin ka zana rubutun, ɗora allon a kan tocila cikin duhu. Duk inda haske ya ɓullo, ƙara fesawa.

Da launi ya kwanta maka, sayi duk abin da zai ishe ka a lokaci guda, ka juye gwangwanayen cikin bokiti ɗaya ka gauraya. Rubuta lambar haɗin a jikin murfin, ka ajiye ɗan ragowa don gyaran wurin da ya goge.